Gini Mai Sanyi, Mai Rangwamen Wuta: Darasi Ga 'Yan Kasuwa Da Magina

Garin Jalingo ya soma ne a matsayin sansanin yaƙi. Sarkin Muri Muhammadu Nya ne ya kafa shi a shekarar 1893, daga baya ya mai da shi mazaunin sarauta. Da aka ƙirƙiro Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola ranar 27 ga Agusta, 1991, sai garin ya zama hedkwatar jiha, ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa, unguwanni suka faɗaɗa, kasuwa ta cika ta batse. A kasuwar Jalingo ake haɗuwa da doyar Mumuye, da shinkafa da busasshen kifi na kwarin Binuwai, da masara da gyaɗa, da shayin Mambila, da kayan masarufi da ake kawowa daga Kano da Anaca. Bahaushe da Bafillace da Bamumuye da Jukun da Ibo duk suna neman abinci a cikinta.

Amma duk wanda ya shiga irin wannan kasuwa da tsakar rana a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi kan kusanci digiri 40, ya san akwai wani abokin ciniki da ba ya sayen kome sai dai ya ci riba, watau zafin rana. Shi ne ke sa tumatir ya ruɓe kafin la'asar, shi ke ɓata magani a kan kanta, shi ke sa mai shago ya tayar da janareto don fanka. Abin da wannan darasi zai bayyana shi ne cewa yawancin wannan zafi ginin ne da kansa yake jawo shi, kuma akwai magina da masu zanen gine-gine da 'yan sa kai, a ƙasar Hausa da maƙwabtanta, waɗanda suka nuna yadda za a rage shi ba tare da an jira wutar lantarki ba.

Daga ina zafin shago yake fitowa?

Shagon kasuwa na zamani kusan iri ɗaya ne daga Jalingo har Sakkwato: bangon bulo na siminti mai rami a ciki, rufin kwano a daf da kai, ƙofar ƙarfe guda ɗaya, babu taga, sau da yawa babu silin. Ana gina shi haka ne domin ya fi sauri, kuma domin tsoron ɓarayi. To, kwano siriri ne, ba ya iya riƙe zafi ya hana shi wucewa. Da rana ta buge shi sai ya ɗauki zafi nan take, har ya kai mutum ba ya iya ɗora hannu a kansa, sa'an nan ya riƙa sako wannan zafi ƙasa kamar garwashin da aka rataya bisa kan mutum. Bulo kuma, saboda rashin kauri, cikin ɗan lokaci zafi yake ratsa shi. Iska mai zafi ɗabi'arta ita ce ta tashi sama. In ba ta sami kafar fita ba sai ta taru a ƙarƙashin rufi ta cika ɗakin. Fankar da aka kunna a irin wannan ɗaki ba ta yin kome illa juya iska mai zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan.

A da ana jure wannan da kuɗin mai. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki farashinsa ya ninka kusan sau uku, daga baya ma ya ƙara hawa. Tun daga lokacin ƙaramin janareto ya zama abin da ake lissafi kafin a ja igiyarsa. Ga kuma haɗarin da ke tattare da shi: jarkar fetur a bayan shago, wayoyin da aka jona barkatai daga wannan rumfa zuwa waccan, da hayaƙi mai kisa in an kunna shi a rufaffen wuri. Jama'a ba su manta da gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano ba, a watan Maris na 2016, wadda ta lashe dubban shaguna cikin dare ɗaya. Saboda haka maganar gini mai sanyi magana ce ta aljihu da ta tsaron dukiya, kafin ta zama maganar masana.

Abin da magabata suka sani

Maginin Hausa na dā bai san ma'aunin zafi ba, amma ya san soro. Yakan haƙo ƙasa, a kwaɓa ta da ciyawa ko harawa, a bar ta ta ruɓa kwana da kwanaki, sa'an nan a mulmula tubali a shanya. Bangon da ake tayarwa da shi yana da kauri ƙwarai a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa. Amfanin wannan kauri shi ne ƙasa tana shan zafi a hankali. Zafin da ya bugi bayan bango da hantsi ba zai iso cikin ɗaki ba sai bayan sa'o'i da dama, lokacin da rana ta yi sanyi. Da dare kuma bangon ya saki abin da ya sha. Shi ya sa zaure yake da sanyi da azahar, yake kuma da ɗumi da asubar hunturu. Rufin ma na ƙasa ne, bisa azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba. Don kare shi daga ruwa sai a shafe shi da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da ruwan dafara. Indararo kuma ya fitar da ruwan nesa da bango.

Wannan sana'a tana da tsari da shugabanci. Kowane babban gari yana da Sarkin Magina, yara suna koyo a ƙarƙashin iyayensu shekara da shekaru. Mafi shahara cikinsu shi ne Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Bakan gizo da ɗaurin gugan da ya yi a cikin masallacin har yau masu nazarin gine-gine daga ƙasashen duniya suna zuwa kallonsu. A Jos kuma akwai gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Nijeriya, inda aka kwaikwayi wannan masallaci da wani sashe na ganuwar Kano da ƙasa zalla, bisa aikin aune-aune na wani mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Polan, Zbigniew Dmochowski.

Sai dai a faɗi gaskiya, mutane ba su bar ginin ƙasa don wauta ba. Yana buƙatar yaɓe kusan kowace shekara. Damina mai ƙarfi takan kayar da shi in an yi sakaci. Giginya kuma, wadda takan yi shekaru da yawa kafin ta isa sara, ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada. Har wa yau akwai abin da ya fi waɗannan nauyi a zukatan mutane: an ɗauki gidan ƙasa alamar talauci, gidan bulo da kwano alamar an samu. Duk wanda zai yi wa jama'a maganar komawa ga ƙasa, tilas ya amsa waɗannan ƙorafe-ƙorafe ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da za a ambata yanzu abin da suka yi ke nan.

Yaama: gari ya gina, magini ya jagoranta

Yaama ƙauye ne a yankin Tawa, cikin Jamhuriyar Nijar. A shekarar 1962 dattawan garin suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka danƙa aikin a hannun wani mutumin garin, Falke Barmu, manomi ne kuma magini. Ba a ɗauko ɗan kwangila ba. Kowane gida ya ba da abin da yake iyawa: wasu suka buga tubali, wasu suka ɗebo ruwa, wasu suka kawo itace, wanda ba shi da ƙarfin aiki ya ba da hatsi. A 1975 aka sāke rufin, aka ɗora shi bisa bakuna, aka yi ƙubba a tsakiya. Tsakanin 1978 da 1982 Falke Barmu ya ƙara hasumiya huɗu a kusurwoyi, kowace da siffarta. A 1986 masallacin ya sami lambar yabo ta Aga Khan ta fasahar gine-gine, wadda take cikin manyan lambobin duniya a wannan fanni.

Abin lura a labarin Yaama shi ne rabon aiki. Jama'a sun ba da ƙarfi da kaya, amma inda za a kafa ginshiƙi, da kaurin bango, da yadda za a lanƙwasa baka, magana ce ta mutum ɗaya da ya san aikin. Aikin gayya ba ya maye gurbin gwaninta. Inda aka tara mutum ɗari ba mai ilmin gini cikinsu, abin da za a samu shi ne rushewa da wuri.

Cikal da ginin da ba ya buƙatar itace

Matsalar azara kuwa a Cikal aka fara neman maganinta, wani ƙauye kusa da Filinge. A 1980 wata ƙungiya mai suna Development Workshop ta kawo wata dabara daga ƙasar Nubiya, a kudancin Masar, wadda mashahurin mai zanen gine-ginen nan Hassan Fathy ya farfaɗo da ita. A wannan dabara da tubalin ƙasa ake yin rufi gaba ɗaya, a siffar ƙubba ko doguwar baka, ba azara, ba katako, ba kwano. Ana jingina kowane layin tubali a kan wanda ya gabace shi, a ɗan karkace, har rufin ya haɗe. Ƙungiyar ba ta tsaya ga gina ɗakuna kaɗan don nuni ba. Ta ɗauki maginan ƙauyuka ta koya musu lokacin rani, sa'ad da babu aikin gona, waɗanda suka ƙware kuma suka zama masu koyarwa. Da haka sana'ar ta bazu a Nijar da Mali da Burkina Faso, ɗaruruwan magina suka sami abin yi.

Wannan batu ya shafi Taraba kai tsaye. Jihar tana cikin masu arzikin daji a Nijeriya, amma a shekarun 2010 an yi wa itacen maɗobiya, wanda masu sara suke kira madrid, mummunan sara don fitarwa zuwa ƙasar Sin, har aka sa shi cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya take sa wa ido a cinikinsu daga farkon 2017. Duk dabarar da za ta rage wa daji nauyi abar dubawa ce.

Duk da haka kada a yi gaggawar kwafa. Ruwan da ake samu a Jalingo a shekara ya ninka na Tawa fiye da sau biyu, damina kuma tana kaiwa wata shida ko fiye. Rufin ƙasa tsirara da ya dace da Filinge zai wahala a nan in ba a yi masa kariya ta musamman ba. Abin da ya fi dacewa da ƙasa mai ruwa shi ne abin da aka yi a Gando.

Gando da Dandaji

Gando ƙauye ne a Burkina Faso. Wani ɗan garin, Diébédo Francis Kéré, ya tafi Jamus karatu, ya tara gudummawa, ya komo ya gina makarantar firamare tare da mutanen garinsu, aka gama ta a 2001. Mata suka ɗebo ruwa, yara suka tara duwatsu, matasa suka koyi buga bulon ƙasa. Hikimar ginin tana ga rufinsa. An yi silin na bulon ƙasa, sa'an nan aka ɗaga kwano sama da shi bisa ƙarafa, aka bar sarari tsakaninsu, aka kuma fitar da bakin kwanon nesa da bango. Kwano yana tare ruwa da rana, iska tana ratsawa ta ƙarƙashinsa tana kwashe zafinsa, bango kuma yana cikin inuwa, ruwa ba ya dukansa. Makarantar ta sami lambar Aga Khan a 2004, Kéré kuma ya karɓi lambar Pritzker a 2022, shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta. Watau kwano ba abokin gāba ba ne. Inda aka ajiye shi ne matsala.

Misalin da ya fi kusa da ɗan kasuwa yana Dandaji, wani gari na Hausawa a yankin Tawa. A can wata mai zanen gine-gine 'yar Nijar, Mariam Issoufou Kamara, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, suka gina sabon masallaci, suka gyara tsohon suka mai da shi ɗakin karatu. An gama aikin a 2018, maginan gargajiya da suka san tsohon ginin suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa da injiniyoyi. A wannan shekara kuma ofishin Mariam Kamara ya gina wa garin kasuwar kullum, a kewayen wata tsohuwar bishiya da ake cin kasuwa a gindinta tun dā. An yi rumfunan da bulon ƙasa matsattse. A kan hanyoyin kasuwar kuma aka kakkafa faya-fayan ƙarfe masu launi, wani sama da wani, kamar ganyen bishiya, suna ba da inuwa, iska tana wucewa ta tsakaninsu. Mai saye da mai sayarwa duk suna cikin inuwa, ba a kunna kome ba.

Bulon ƙasa matsattse

Wannan bulo shi ne ya haɗa tsohuwar sana'a da sabuwa, don haka ya kamata a yi bayaninsa dalla-dalla. Ana samo jar ƙasa ta ƙarƙashi, ba ta saman gona mai taki ba. A tankaɗe ta, a zuba mata siminti kaɗan, kamar mudu 1 cikin mudu 15 zuwa 20 na ƙasa, a yayyafa ruwa daidai yadda in an dunƙula ta a hannu za ta kama ba tare da ta jiƙa tafi ba. Sa'an nan a zuba a injin matsi, wanda akwai na hannu da mutum biyu ko uku za su iya sarrafawa. Ba a gasa shi, saboda haka ba a ƙona itace ko ɗaya. Bayan an buga sai a jera shi a inuwa, a rufe da leda, a riƙa yayyafa masa ruwa kamar mako biyu, kada a ɗora shi a gini sai ya yi kwana 28. Yawancin bulon da ya lalace a nan aka cuce shi: an shanya shi a rana tun ran farko, simintin bai sami ruwan da zai kama ba.

Ba kowace ƙasa ce take yi ba. Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya: a zuba ƙasar a kwalba har kusan rabi, a cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye ta kwana. Tsakuwa da yashi za su kwanta a ƙasa, laka ta biyo, yumɓu ya zauna a sama. In yumɓu ya yi yawa bulon zai tsattsage in ya bushe, sai a ƙara yashi. In yashi ya yi yawa ba zai kama ba. Baƙar ƙasar fadama mai dararrashewa da rani, wadda take da yawa a kwarin Binuwai, ba ta dace ba sam. Wannan gwaji na share fage ne kawai. In ginin babba ne wajibi ne a kai ƙasar ɗakin gwaji. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya, watau NBRRI, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe tana aiki a kan irin wannan bulo, har ta ƙera injunan buga shi a cikin gida.

Bangon ƙasa, ko na tubali ko na matsi, abu biyu yake nema: harsashi na dutse ko kankare da zai ɗaga shi sama da inda ruwa yake fantsama, da rufi mai faɗin baki da zai kare kansa. In ya sami waɗannan zai daɗe. Rage siminti kuma yana da wata fa'ida da ta wuce aljihun mai gini, domin masana'antar siminti ita kaɗai tana fitar da wajen kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar da take ɗumama duniya.

A Nijeriya ma an gwada wasu hanyoyi. A 2011 wata ƙungiyar sa kai ta Kaduna mai suna DARE, ƙarƙashin jagorancin Injiniya Yahaya Ahmed, ta gina gida a ƙauyen Sabon Yelwa da robobin ruwa kimanin 14,000 da aka ɗura wa yashi, aka jera su kamar bulo, aka ɗaure da igiya, aka yaɓe. Samari marasa aikin yi ne suka koyi aikin. Gidan ya ja hankalin 'yan jarida ƙwarai, ya kuma nuna cewa bango mai kauri da nauyi yana da sanyi ko da me aka yi shi. Amma tara dubban robobi da ɗura su aiki ne mai cin lokaci, kuma ga mai son gina jerin shaguna, jar ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa ta fi kusa.

Abin da ƙa'idar gwamnati ta tanada

A 2016 Ma'aikatar Wutar Lantarki, Ayyuka da Gidaje ta Tarayya ta wancan lokaci, da taimakon hukumar raya ƙasashe ta Jamus, ta fitar da littafin jagora kan tsimin makamashi a gine-gine. A watan Agusta na 2017 aka ƙaddamar da ƙa'idar ƙasa a kan wannan batu. Cikin abin da ta tanada akwai cewa tagogi kada su wuce kashi 20 cikin 100 na faɗin bango, in sun wuce a yi musu abin inuwa. A sa abin tare zafi a rufi. Fitilu kada su ci fiye da wat 6 a kowane murabba'in mita. Na'urar sanyaya ɗaki kuma ta kasance mai tsimin wuta. Da yake ba da izinin gini a hannun jihohi yake, ƙa'idar ba ta da haƙori sai inda jiha ta karɓe ta ta sa cikin dokokinta. Nan ne masu zanen gine-gine da injiniyoyi da magina masu rajista suke da babban aiki, domin su ne suke zaune da mai gini kafin a haƙa harsashi, lokacin da gyara ba ya cin ko kwabo.

Babban misalin gyaran da ba ya cin kuɗi shi ne fuskar gini. Jalingo tana wajen digiri 9 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana tana bi ta ɗan arewa da tsakiyar sama, sauran watanni kuma ta kudu, amma da tsakar rana kullum tana can sama, bakin rufi mai ɗan faɗi ya isa ya tare ta. Ranar hantsi da ta la'asar su ne masu shiga ɗaki kai tsaye, domin suna ƙasa-ƙasa. Saboda haka a miƙe dogon layin shaguna daga gabas zuwa yamma, ƙofofi su dubi kudu da arewa, gajerun bangaye su fuskanci gabas da yamma. Shagon da ƙofarsa take duban yamma, mai shi zai sha rana daga azahar har magariba muddin ginin yana tsaye.

Ga wanda ya riga ya gaji shago

Yawancin 'yan kasuwa haya suke yi, shagon na hukuma ne ko na wani, ba su da ikon rushewa su sāke. Duk da haka akwai abin yi. Silin shi ne na farko, ko da na asabari ne ko na katako mara tsada, muddin an bar kafa tsakaninsa da kwano ta yadda iska za ta shiga ta wannan gefe ta fita ta wancan. Sai dai a nisanta wayar lantarki daga gare shi, a sa ta cikin bututu. Na biyu, a shafa wa kwano farin fenti ta sama, domin fari yana mayar da hasken rana, kwano mai tsatsa kuwa shanye shi yake yi. Na uku, a huda ƙananan kafofi a saman bango daf da rufi, a sa musu ƙarfe da raga saboda ɓarayi da ɓeraye. Kowane ɗayan waɗannan sai an nemi yardar mai shago da hukumar kasuwa.

Fitila ma abin lissafi ce. Tsohon ƙwai mai wat 60 yawancin wutar da yake ci zafi take zama. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske kusan daidai da shi. Shago mai ƙwai 4 na tsohon yayi yana jan wat 240. In an canza su sai ya koma wat 36. Da irin wannan ragi ne ƙaramin faifan sola da batir ɗaya za su iya ɗaukar fitilu da fanka da cajin waya. Tsarin aikin ke nan: a fara rage buƙata, sa'an nan a sayi sola daidai da abin da ya rage. Wanda ya juya tsarin zai sayi faifai da batir ninkin abin da yake buƙata. A kasuwar Sabon Gari ta Kano, daga 2018, Hukumar Samar da Lantarki a Karkara tare da wani kamfani mai zaman kansa ta soma jera faya-fayan sola a kan rufin kasuwa ana rarraba wa shaguna wuta da mita, abin da ya nuna cewa rufin kasuwa kansa wuri ne na samar da wuta in an haɗa kai.

Masu kayan gwari kuma suna da tasu dabara, wadda ta fito daga Jihar Jigawa. Wani malami, Mohammed Bah Abba, ɗan gidan masu ginin tukwane, ya yaɗa amfani da tukunya cikin tukunya a shekarun 1990: a sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan yake tsotsewa ta jikin babbar tukunya yana bin iska, sai ya tafi da zafi, kamar dai yadda randa take sanyaya ruwa. An ba da rahoton yalo yana kai kwana 27 a ciki maimakon kwana 3. Ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Dabarar ta fi aiki da rani da hunturu, lokacin da iska take bushe. Da damina, sa'ad da iska ta cika da laima, sanyinta yana raguwa ƙwarai. A ajiye ta a inuwa inda iska take kaɗawa, a jiƙa yashin safe da yamma.

Inda 'yan sa kai suke shiga

Akwai ayyukan da ba na mutum ɗaya ba ne. Inuwar hanyoyin kasuwa, da dasa bishiyoyi a bakin layuka da wurin ajiye motoci, da yashe magudanan ruwa kafin damina don kada ruwa ya kwanta a gindin bango, duk aikin gayya ne, kuma kasuwa tana da tsarin da zai ɗauke su: Sarkin Kasuwa, da shugabannin layuka, da ƙungiyoyin masu sana'a iri ɗaya. 'Yan layi ɗaya suna iya yin adashi su sayi fenti da yawa a farashin sari, su ɗauko kafinta ɗaya ya yi musu silin a jere. Bishiyar da aka dasa kuwa tana buƙatar wanda zai ba ta ruwa ya kare ta daga awaki har rani biyu ko uku. In ba a ɗora wa wani mutum takamaimai wannan nauyi ba, ranar dashe ita ce ranar ƙarshe da za a tuna da ita.

In hukuma ta tashi sāke gina wani sashe na kasuwa, lokacin magana shi ne kafin a amince da zane. Wakilan 'yan kasuwa suna da damar su nemi a nuna musu zanen, su tambayi ina ƙofofi suka fuskanta, nawa ne tsayin rufi, ta ina iska mai zafi za ta fita, ko rufin zai iya ɗaukar faya-fayan sola, kuma ko an bar hanyar da motar kashe gobara za ta shiga har tsakiyar kasuwa. Su kuma tabbata mai zanen yana da rajista da hukumar ARCON, injiniyan yana da rajista da COREN. In za a gwada bulon ƙasa matsattse, a fara da shago biyu ko uku a gefen kasuwa, a rataya ma'aunin zafi a cikinsu da kuma cikin shagon bulon siminti na kusa, a riƙa rubuta abin da suka nuna da ƙarfe 2 na rana tun daga Maris har damina ta sauka, sa'an nan a duba yadda bangon ya jure ruwan Agusta kafin a yanke shawarar sauran layin.